Gwaggon Ɗakin Haske

Kafin ƙarfe shida da rabi na safe ta riga ta sauko. Sashen nasu a ƙarƙashin ginin asibiti yake, matakala ashirin da biyu daga inda rana take kaiwa, kuma shekara talatin da ɗaya ke nan ita ce farkon mai taka su kowace ranar aiki. Takan kunna fitilun dogon lungun, ta rataye jakarta bayan ƙofa, ta sa farar rigar aiki, sannan ta tura ƙofar ɗakin inji, wadda nauyinta ya kusa na ƙaramar mota. A nan ake ƙona ciwon daji da haske, wani irin haske da ido ba ya gani, jiki ma ba ya jin shigarsa. Likita ne yake zana inda za a haska a kan hoton cikin jikin mara lafiya, mai lissafi ya auna yawan hasken, ita kuma ta kwantar da mutum daidai yadda aka zana, ta fito, ta rufe ƙofa, ta danna. Ba likita ba ce. Sunanta ba ya hawa saman takarda. Amma daga mai shara har shugaban sashe, Gwaggo kowa yake ce mata.

Injin take fara gaisarwa. Maigida take kiransa, don a cewarta sai an lallashe shi yake tashi, in ya tashi kuma sai ya yi rabin awa yana gunaguni kafin ya yarda ya yi aiki. Yana ɗumi tana gwada jajayen layukan da ke fitowa daga bango, waɗanda da su ake saita jikin mutum, tana duba abin rufe fuska na roba da ake ƙera wa masu ciwo a ka ko a wuya, kowanne da lambar mai shi. Na waɗanda suka rasu da kanta take sauke su ta goge lambar. Ba ta taɓa barin sabon ma'aikaci ya yi wannan ba.

Bakwai da rabi benci ya cika. Akwai wanda aka turo a keke, akwai wanda ɗansa ya goyo, akwai mai riƙe da ƙyalle a baki. Da yawa sun zo a makare, kuma abin da za a yi musu shi ne a rage musu zafi, ba a warkar da su ba. Kowannensu shi kaɗai yake zama a ɗakin idan aka rufe ƙofa, sai dai ya ji muryarta ta lasifika tana cewa kada ya motsa, tana ganinsa, saura kaɗan. Ba a san sau nawa ta faɗi wannan ba. Masu jinya sun san ta da shi, kuma da a nan aikinta ya tsaya, da ya isa a yi mata jinjina.

To amma ba don masu jinya kaɗai ake wannan rubutu ba. Akwai wasu marasa lafiyar da suke saukowa matakalar nan da ƙafafunsu, sanye da farar riga, ba kati a hannunsu. Su ne sababbin likitoci da sababbin ma'aikata da ake turowa sashen duk shekara. Sukan zo da kuzari, aljihu cike da biro, baki cike da karatu. Kafin wata shida su canza. Gwaggo ta san yadda abin yake bi daki-daki. Da farko mutum ya daina cin abincin rana. Sai barkwancinsa ya yi ɗaci. Sai ya daina kallon fuskar mara lafiya, ya koma kallon hoto, ya riƙa cewa mai huhu da mai hanji maimakon baba da mama. Daga nan sai ya yi shiru. Shirun nan ne take tsoro, kuma tana da dalili.

A shekararta ta tara a sashen aka kawo wani matashin likita da suke kira Dogo, don sai ya sunkuya yake shiga ɗakin kayan aiki. Mai yin fito da baki ne, daga saman matakala ake sanin ya iso. Shi aka danƙa wa yara, saboda yana da hannun lallashi. Cikin shekara guda ya rasa shida daga cikinsu, ta ƙarshe yarinya ce 'yar shekara bakwai da takan ɓoye masa biro a cikin takalminta. Fiton ya ɗauke. Wandonsa ya yi masa yawa. Gwaggo ta ga duk wannan, tana tsaye kusa da shi kullum, kafaɗa da kafaɗa a gaban allon kallo. Sau biyu bakinta ya buɗe, sau biyu ta rufe. Ta ce wa kanta shi likita ne, ita mai danna inji, ba huruminta ba ne, ai yana da manya. Wata Talata da yamma ya share teburinsa tas, ya raba wa abokan aiki littattafansa, ya rataye rigarsa da makullin ofis a aljihu. Ranar Alhamis wansa ya zo ya ce an same shi a ɗakinsa ba rai, ƙofa a kulle ta ciki. A allon sanarwa aka rubuta gajeruwar rashin lafiya. Ba wanda ya furta ainihin kalmar, aka raba marasa lafiyarsa, aiki ya ci gaba. Rigar ta yi mako uku a rataye kowa yana kauce mata, har Gwaggo ta sauke ta.

Ba ta yi wa kowa alkawari ba, ba ta nemi izinin kowa ba. Sai kawai aka ga kujeru biyu da butar shayi a ƙaramin ɗakin da ake jiƙa robar fuska a ruwan zafi. Tun daga lokacin duk sabon da ya zo, a makonsa na farko takan sa shi ya kwanta a kan gadon inji, ta ɗaura masa robar, ta fita ta rufe ƙofa minti biyu, inji a kashe. Wasu sukan fito suna dariya, wasu jiki yana rawa. Takan ce musu yanzu sun san inda suke tura mutane. Bayan haka sai ta sa musu ido. Ba ta kiran mutum ta ce zo mu yi magana, don ta san girman kan mai sabon digiri. Cewa take yi ya zo ya riƙe mata wani abu. Yana riƙewa sai ya ga kofi a gabansa da gutsuren burodi, ita kuma ta juya baya tana wanke abin da ba ya buƙatar wanki. Mai lissafin sashen, wanda yau shi ne babba a fanninsa, ya ce akwai lokacin da ya yi kwana uku ya kasa sa hannu a kan takarda ko ɗaya, don tsoron kada lambar da ya rubuta ta ƙona mutum. Gwaggo ta ja kujera ta zauna gefensa ta ce ya karanta mata lissafin da ƙarfi, wai ita ma tana son ta koya. Ya ce ya san ba koyo take yi ba. Haka suka yi mako biyu har hannunsa ya dawo.

Abin da ya fi kowanne nauyi ya faru shekara huɗu da suka wuce. Akwai wata likita, ƙarama a shekaru da jiki, da suke kira Auta. Wata takwas ke nan da zuwanta. A lokacin likitoci biyu ne kacal a sashen, ita da shugaba, ga marasa lafiya sama da casa'in a kan layi. Aka kawo wani dattijo, tela ne, ciwon ya hau masa ƙashin baya yana danne lakar da ke tafiyar da ƙafafu. Irin wannan ba ya jira, in aka yi jinkiri ƙafa ta tafi ke nan. Auta ta duba hotonsa tsakanin mara lafiya na talatin da na talatin da ɗaya, ta ƙirga gaɓoɓin baya, ta zana. Shugaba ya sa hannu a tsaye, yana kan hanyar zuwa taro. Aka fara haska shi. Gwaggo ba ta nan, 'yarta ce ta haihu, ta ɗauki kwana uku, hutunta na farko a shekarar.

Rana ta huɗu ta dawo. Aka turo telan, suka ɗaga shi zuwa gado, ta lura ƙafarsa ta dama ja take yi kamar ba tasa ba. Tana da wata ɗabi'a da ba a rubuta a littafi ba, takan ce wa mutum ya nuna mata inda yake masa ciwo. Dattijon ya kai hannu baya da ƙyar ya dafa. Inda ya dafa yana ƙasa da alamar tawadar da aka yi masa a fata don saita haske da kusan faɗin tafin hannu. Ta ce masa inji yana ɗan gardama, ya yi haƙuri, ta rufe shi da mayafi, ta fita ta buɗe hoton ta ƙirga da yatsa. Ta sake ƙirgawa daga ƙasa. Gaɓa biyu aka tsallake. Kwana uku ana haska lafiyayyen wuri, ciwon kuma yana ƙasa yana cin gabansa.

Ta aika a kira Auta. Da ta zo, Gwaggo ta matsa ta ba ta wuri a gaban allo ta ce ta ƙirga. Auta ta ƙirga, ta kai inda ta kai, sai yatsanta ya tsaya. Gwaggo ta ce ba za ta manta da fuskar ba, kamar an zare wa fitila waya. Yarinyar ta nemi durƙushewa, Gwaggo ta riƙe ta a damtse ta ce ba yanzu ba, mutumin yana kwance yana jira, a fara gyara zanen, kuka yana nan ba inda za shi. Cikin awa guda aka sake zane, mai lissafi ya sake awo, aka haska inda ya kamata.

Da shugaba ya ji, ya kira su ofis ya rufe ƙofa. Ba mugu ba ne, gajiyayye ne, kuma sa hannunsa yana kan takardar. Ya ce ciwon ya riga ya yi nisa, wataƙila ko an haska daidai tun ranar farko ƙafar tafiya za ta yi, ba wanda zai iya rantsewa. Ya ce a ƙara kwanaki a ci gaba, ba sai an ɗaga wa iyali hankali ba, kuma hakan ya fi wa yarinyar alheri. Auta tana tsaye kai a ƙasa. Gwaggo ta ce ita ba ta yi karatun da suka yi ba, amma ta san abu guda.

"Likita, in muka rufe wannan, ita za mu rufe a ciki. Za ta riƙa kwana da shi ita kaɗai har ya cinye ta. Ni zan rubuta abin da na gani, kuma zan raka ta wurin mutumin."

Shugaba ya dube ta ya ce ta san abin da take jawo wa kanta. Ta ce ta sani.

Da rana suka hau ɗakin jinya. Telan yana kishingiɗe, babbar 'yarsa tana yanke masa farce. Gwaggo ta tsaya a bayan Auta, tafin hannunta a tsakiyar bayan yarinyar, ba ta karɓe mata maganar ba. Auta ta faɗa da bakinta cewa ta yi kuskuren ƙirga, kwana uku an haska inda ba nan ba, kuma ba ta san ko ƙafafun za su dawo ba. 'Yar ta miƙe tsaye. Ta ce ashe da babanta ake koyon hannu, mutumin da ya yi shekara arba'in yana taka keken ɗinki ya ciyar da su, sun kawo shi yana jan ƙafa za su mayar da shi ba ƙafa. Ta faɗi maganganun da ba sai an maimaita ba. Ba wanda ya tare ta, don tana da gaskiya. Sai dattijon ya ɗaga hannu. Ya tambayi Auta shekarunta, ta faɗa, ya ce sa'ar autarsa ce.

"Ni ma na taɓa yanke yadin mutane ba daidai ba," in ji shi. "Sai dai yadi ana samun wani. Ki riƙa ƙirgawa da kyau, 'yata."

Ya juya fuskarsa ga bango. Daga baya ya aiko cewa zai ƙarasa sauran kwanakin don zafin ya ragu, amma Gwaggo ce za ta kwantar da shi, likitar kuma kada ta shigo. Ƙafafun ba su dawo ba. A keke aka mayar da shi gida, bayan wata huɗu ya rasu. 'Yarsa ba ta sake amsa gaisuwar kowa a sashen ba, kuma Gwaggo ba ta taɓa ganin laifinta ba.

Auta ta ci gaba da zuwa aiki ana jiran zaman kwamitin bincike. Tana gaisuwa, tana murmushi, tana ƙirga kowace gaɓa sau biyar. Mutane suka ce ta yi ƙoƙari, ta daure. Gwaggo kuwa hankalinta bai kwanta ba, don kofin da take ajiye mata yana hucewa ba a taɓa ba. Ranar kwana na goma sha ɗaya, wajen ƙarfe huɗu na yamma, ta leƙa ofishin likitoci neman wata takarda. Teburin Auta a share yake tas. Littattafanta suna kan teburin mai lissafi, ya ce yanzun nan ta ba shi, wai sun tare mata wuri. Farar rigarta tana rataye. Gwaggo ta sa hannu a aljihun, ta ji makulli.

Gwaggo, matar da bayanta ya riga ya lalace saboda ɗaga marasa lafiya, wadda sai ta huta sau biyu take kai saman matakala, ranar ba ta san yadda ta hau ba. Ta bar mara lafiya a kan benci, ta bar takalminta ɗaya a lungu. A bakin titi ta sami Auta, tana tsaye inda ake jiran mota, ba jaka a hannunta. Ta kama hannun ta riƙe. Ba ta yi kwana-kwana ba, ba ta ce mata ta yi haƙuri ba.

"Auta, dube ni. Kina tunanin kashe kanki?"

Mota ta zo ta tsaya, ta ɗebi mutane ta wuce. Auta ba ta ce a'a ba. Can sai ta ce ta gaji, Gwaggo, kullum in ta rufe ido hannun mutumin take gani yana dafa bayansa. Gwaggo ta ce ta ji, kuma ba za ta sake ta ba. Da takalmi ɗaya ta ja ta suka koma cikin asibiti, ba ƙasa ba, sama, hawa na uku, wurin likitan ƙwaƙwalwa, ta zauna a bakin ƙofa har aka gan ta. Ta karɓi wayar Auta ta kira yayanta ta faɗa masa gaskiya ba ragi. Da yake a wani gari yake, sai ta tafi da ita gidanta.

A gidan akwai 'yarta mai jego da jariri ɗan mako biyu, ɗakuna biyu ne kacal. 'Yar ba ta ji daɗi ba, kuma ba ta ɓoye ba. Ta ce dama ko a ranar da ta haihu, jikin Mama ne kawai ya zo, hankalinta yana ƙarƙashin ƙasa, tun suna ƙanana 'ya'yan mutane ne suke cinye musu uwa. Maganar ta soki Gwaggo, don ta san akwai gaskiya a ciki. Ta shimfiɗa wa Auta katifa kusa da gadonta, ta kwashe duk wani magani da ke gidan ta kulle. A rana ta uku mai jegon tana son shiga wanka, ta waiga ba kowa, sai ta ɗora wa baƙuwar jaririn a cinya ta ce ta riƙe, tunda dai likita ce ai ta san inda kai yake. Auta ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ta yi shi har ya ƙare. Kwana tara ta yi a gidan kafin yayanta ya zo. Ta yi wata shida tana ganin likitan hawa na uku, kuma sau da yawa Gwaggo ce take raka ta har ƙofa.

A gaban kwamiti an so a taƙaita magana a kan yatsan da ya yi kuskuren ƙirga. Aka tambayi Gwaggo abin da ta gani, ta faɗa. Sannan ta ce tana da ƙari, ko da ba a tambaye ta ba. Ta faɗi yawan marasa lafiya da yawan likitoci. Ta ce yarinyar ta yi mako bakwai ba ta huta ko kwana ɗaya ba. Ta ce wanda ya kamata ya duba zanen ya sa hannu bai buɗe hoton ba, yana zaune a wurin ta faɗa, ta kuma ce shi ma aikin mutum uku yake yi. Ta ce in ana neman mai laifi a sa da ita, don ta san yadda sashen yake ta tafi hutu ba ta bar wa kowa ɗabi'arta ta tambayar inda yake ciwo ba. Aka ba Auta takardar gargaɗi da wata shida tana aiki ƙarƙashin kulawa. Aka kafa doka cewa mutum biyu ne za su ƙirga gaɓoɓin baya da ƙarfi kafin a fara, kuma mara lafiya ya nuna wurin da hannunsa. Shugaba ya yi shekara biyu ba ya yi wa Gwaggo magana sai ta takarda. Da matsayin babban ma'aikaci ya fito, wanda ita ta koya wa riƙe tawada aka ba. Ta je ta yi masa murna, ta koma ta kwantar da mara lafiya na gaba.

Ke ce, Gwaggo, bangon da ƙanana suke jingina da shi ba su san sun jingina ba. Ke ce kika ga abin da masu manyan takardu suka wuce suka bari. Ke ce kika yi shiru sau ɗaya, kika ga abin da shirun ya haifa, ba ki sake ba. Ba a koya miki wannan a makaranta ba, ba a rubuta shi cikin aikinki ba, ba a taɓa tambayar ki ke wa yake tambayar lafiyarki ba. Kin sauke robar fuskar ɗaruruwan matattu da hannunki don kada yaran mutane su ɗauki nauyin da wuri. Kin faɗi gaskiya a inda faɗinta ya ci miki matsayi. Ba ki ceci kowa daga kuskure ba, ba ki mayar wa tela ƙafafunsa ba, kuma kin fi kowa sanin haka. Abin da kika yi shi ne kin hana kuskure ɗaya ya ci mutum biyu.

A ƙarshen watan jiya ta ajiye aiki. An yi taron a tsaye cikin lungu, minti ashirin, don benci a cike yake. Auta, wadda yanzu ita take karɓar sababbin likitoci, ta tashi za ta yi jawabi, ta ce Gwaggo, sai muryar ta ƙi, ta koma ta zauna. Aka ba Gwaggo agogon bango. Ta juya shi ta ce sai yanzu da ba ta da inda za ta makara. Da aka tambaye ta ko tana da abin faɗa, ta ce abu biyu take roƙo, a kawo likita na uku, kuma kada a taɓa ƙaramin ɗakin nan. Aka tafa. Har ranar da ake wannan rubutu likitocin dindindin biyu ne a sashen, kuma an riga an zo da ma'auni an gwada ɗakin, ana so a zuba tsofaffin fayiloli a ciki. Ita kuma tana gida, ba ta iya sunkuyawa ta ɗauki jikanta sai an miƙo mata shi.

Mun gode, Gwaggo. Iyayen da ba su san sunanki ba, waɗanda 'ya'yansu suka dawo gida da rai saboda ke, sun gode. Marasa lafiyar da yau suke hannun likitocin da kika tallafa har suka tsaya da ƙafafunsu, sun gode. Allah ya sassauta miki ciwon baya, ya ba ki masu zama kusa da ke, ya sa 'yarki ta samu uwarta a sauran kwanakin da suka rage.

Saura mu. Kai babban likita, ke babbar ma'aikaciyar jinya, kai da ka daɗe a kowane irin aiki da ake taɓa rayuwar mutane, akwai wani ƙarami a ƙarƙashinka yau da ya rame, yake cewa lafiya lau in an tambaye shi. Ka san shi, yanzu ma fuskarsa ta zo maka. Ba sai an naɗa ka ba, ba sai an buɗe ofis ba, ba sai ka iya magana ba. Tashi ka je inda yake kafin a tashi daga aiki, ka ja kujera, ka tambaye shi, ka tsaya ka ji amsar. Kada ka jira ya zo ya same ka, don irinsu ba sa zuwa.